Idan 'Yarki Ta Fara Tafiya Da Kan Yatsu: Labarin Rawar Bale Ta Rasha Da Kiɗanta

 

Wataƙila abin ya taɓa faruwa a falonki. Kin ba yarinya waya ta kalli katun don ki samu ki sauke tukunya, kin dawo kin tarar da ita ta ɗage dugadugai, ta ɗaga hannaye sama, tana juyi a tsakar ɗaki har jiri ya kwashe ta. Kika tambaya, ta ce rawar gimbiya take yi. Wata kuma daga makaranta za ta kawo miki takarda, wai an buɗe ajin rawar bale, a biya kaza. Ki hana ne, ko ki bari? Kafin ki yanke hukunci, ya kamata ki san mece ce wannan rawa, daga ina ta fito, kuma me ta ci wa yaran da suka yi ta tun farko da iyayensu mata. Kiɗan da ke tashi a yawancin katun ɗin nan ya haura shekara 130, kuma a Rasha aka tsara shi.

Rawar da ta fara da 'ya'yan barori

Bale wasa ne da ake ba da labari da motsin jiki kaɗai, ba a furta kalma ko ɗaya. Makaɗa suna zaune a wani rami a gaban dandamali, masu rawa suna sama, mai kallo yana fahimtar fushi da murna da baƙin ciki daga kiɗa da motsi. A fadojin Italiya da Faransa aka fara ta, Rasha aro ta yi. A 1738, zamanin sarauniya Anna, wani Bafaranshe mai suna Landé ya buɗe makarantar rawa a birnin St. Petersburg, kuma ɗalibansa na farko 'ya'yan barorin fada ne. Manyan masu gonaki su ma suna da nasu 'yan rawa daga cikin talakawan da suke mallaka tamkar bayi, har zuwa 1861 da aka soke wannan tsari. Kin ga tun asali, ɗan talaka ke zub da gumi, mai sarauta yana tafi.

Makarantar tana nan har yau, ana kiranta Vaganova. A zamanin sarakuna ta kwana ce, baitulmalin sarki ke ciyar da yara, ya tufatar da su, ya koyar da su. Ana ɗaukar yaro yana da kimanin shekara 10, bayan likita ya duba ƙashin bayansa, ƙafafunsa da zuciyarsa. Ga uwar da ba ta da abin hannu, wannan hanya ce ta samun abinci da aikin gwamnati ga ɗanta, har da fansho. Farashin shi ne rabuwa da yaro tun yana ƙarami.

Mutumin da ya ɗaga rawar Rasha sama da ta sauran ƙasashe shi ma Bafaranshe ne, Marius Petipa. Ya iso St. Petersburg a 1847, ya zauna a Rasha har ƙarshen rayuwarsa a 1910. A wajenmu mai rawa ne ke bin makaɗi. A gidan wasan sarkin Rasha kuwa mai tsara rawa ne ke ba da umarni, kamar yadda kike kai wa tela yadi da awo: ina son kiɗa mai tsawon kaza, mai saurin kaza, a nan gimbiya za ta yi juyi. Akwai ma ma'aikaci na musamman da ake biya albashi don wannan ɗinki, irin su Ludwig Minkus. Kiɗansu yana da daɗin taka rawa, amma manyan masu tsara kiɗa suna yi masa kallon aikin ƙwadago.

Yaron da ya riƙe ƙafar keken doki

Wanda ya sauya wannan shi ne Pyotr Tchaikovsky, ana furta sunan Caikofski. An haife shi a 1840 a garin Votkinsk. Ya fara koyon fiyano yana ɗan shekara 5, kuma mai renonsa ta ba da labarin cewa ta taɓa samunsa da dare yana kuka, yana nuna kansa, wai kiɗa ya ƙi fita ya bar shi ya yi barci. Iyayensa ba su ga abinci a kiɗa ba. Yana da shekara 10 mahaifiyarsa ta kai shi makarantar kwana ta koyon shari'a a St. Petersburg, fiye da kilomita 1,000 daga gida. Ranar da za ta koma, sai da aka ɓamɓare shi daga jikinta, ya ƙwace ya bi keken dokin da gudu, ya kama ƙafarsa yana son tsayar da shi. Duk uwar da ta taɓa ajiye yaro a makarantar kwana ta juya baya tana share hawaye da gefen mayafi ta san wannan rana. Bayan shekara huɗu, a 1854, kwalara ta ɗauke uwar. Bai daina jimamin rashinta ba har ya tsufa.

Ya gama karatu, ya kama aikin akawu a ma'aikatar shari'a, sannan a 1863 ya ajiye aikin ya rungumi kiɗa. Daga baya wata attajira da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya da yawa, Nadezhda von Meck, ta riƙa ba shi rubul 6,000 a shekara har tsawon shekara 13, bisa sharaɗin ba za su haɗu ido da ido ba, sai dai wasiƙa.

Balensa na farko shi ne wanda za ki samu a wayarki da sunan Swan Lake, labarin wata gimbiya da matsafi ya mayar da ita farar tsuntsuwar ruwa mai dogon wuya, dangin ɗinya. An fara nuna shi a gidan wasa na Bolshoi da ke Mosko a 1877, kuma bai samu karɓuwar da ta dace da shi ba. Tsarin rawar ya yi rauni, wasu kuma suka ce kiɗan ya yi nauyi, ba na taka rawa ba ne. Laifinsa shi ne ya ba kiɗan aikin ba da labari. Idan kin saurari muryar tsuntsuwar, wata 'yar siririyar algaita ce ke rera ta, 'yar'uwar algaitarmu ta fada amma mai sanyin murya, kuma ko ba ki ga dandamalin ba za ki ji cewa wani abu na kuka. Sai a 1895 Petipa da mataimakinsa Lev Ivanov suka sake tsara rawar, duniya ta karɓe ta. Mai kiɗan bai ga wannan rana ba, ya rasu a 1893 yana da shekara 53, kuma bayanin da aka bayar shi ne kwalara, ciwon da ya kashe mahaifiyarsa.

Na biyu shi ne Sleeping Beauty, a watan Janairun 1890. Labarin zai yi miki kama da na gida: ranar sunan 'yar sarki aka manta ba a kai wa wata tsohuwar aljana goron gayyata ba, ta zo a fusace ta yi wa jaririyar baki cewa mazari zai soke ta. Ta girma, mazarin ya soke ta, fada duka ta yi barcin shekara 100. A nan Petipa ya ba shi awo dalla-dalla, shi kuma ya ɗinka abin da ya fi awon. Ya ba muguwar aljana nata sauti, ya ba ta kirki nata, ta yadda yaro ɗan shekara 4 zai gane wadda ta shigo tun bai gan ta ba. Wannan kiɗa ne kamfanin Disney ya ɗauka ya sa a katun ɗinsa na 1959.

Na uku, Nutcracker, ya fito a Disambar 1892. Yana cikin aikinsa a 1891, a kan hanyarsa ta zuwa Amurka, ya buɗe jarida a Faransa ya ga labarin rasuwar ƙanwarsa Aleksandra. A wannan tafiya ce kuma ya ci karo da wani sabon abin kiɗa a Paris mai suna celesta, siffarsa kamar ƙaramin fiyano, amma ƙananan guduma ne ke bugun farantan ƙarfe a cikinsa. Ya sa aka sayo masa a asirce, don kada abokan sana'arsa su riga shi amfani da shi. Wannan sautin mai kama da ƙananan ƙararrawa da kike ji a tallace-tallace da kayan wasan jarirai, daga nan ya yi suna.

'Yar mai wanki

A cikin waɗanda suka kalli Sleeping Beauty a farkon fitowarsa akwai wata mai wankau da 'yarta, yarinya siririya mai yawan ciwo da ba ta kai shekara 10 ba. Uwar ta tara kuɗin tikiti don ta faranta mata rai na dare ɗaya. Yarinyar ta fito ta ce ita ma sai ta zama gimbiyar can. Uwar ba ta yi mata dariya ba, ta kama hannunta ta kai ta makarantar. Aka ce ta yi ƙanƙanta, su dawo. Suka jira, aka ɗauke ta a 1891. Sunanta Anna Pavlova.

Jikinta bai dace da abin da ake so a lokacin ba. Idon sawunta ba shi da ƙarfi, ga rama, har 'yan ajinsu suna kiranta tsintsiya. Ta riƙa ƙara fata mai tauri a tafin takalminta don ya ɗauke ta. Ta gama a 1899, ta kai matsayin babbar tauraruwa a 1906. Michel Fokine ya tsara mata wata 'yar gajeriyar rawa ta tsuntsuwar da ke gargarar mutuwa, ba ta wuce minti huɗu ba, ta taka ta sau dubbai. Ta kafa ayarinta, ta zaga Indiya, Japan, Masar, Afirka ta Kudu da Ostareliya cikin jirgin ruwa da na ƙasa. Ta rasu a 1931 a birnin Hague, tana kan hanyar wasa, saura kwanaki kaɗan ta cika shekara 50.

Kada in ɓoye miki ɗaya gefen. Yarinyar da ta fito daga makarantar nan tana fita ne gaban manyan mutane masu kuɗi da mulki, kuma da yawa daga cikinsu ba rawa kaɗai ke kawo su ba. Sanannen abu ne cewa tauraruwa Mathilde Kschessinska ta yi zaman dadiro da yarima Nicholas kafin ya hau gadon sarauta. Wadda ba ta da gata kuwa, ba a ma rubuta nata labarin ba.

Daren da aka yi hayaniya a Paris

Da ƙarni na 20 ya kama, matasa sun gaji da tsohon salo. Wani ɗan Rasha mai iya haɗa mutane, Sergei Diaghilev, ya kwashi gwanaye ya kai su Paris a 1909, ayarin da aka sani da Ballets Russes. Ya ɗauko wani matashi da ba a san shi sosai ba, Igor Stravinsky, ya ba shi aikin Firebird, aka nuna a 1910. Tatsuniya ce tsantsa: yarima ya kama tsuntsuwar wuta, ta roƙe shi ya sake ta, ta ba shi gashinta ɗaya, ranar da ya faɗa hannun wani dodo da ya ɓoye ransa a cikin ƙwai sai ta zo ta cece shi. Akwai wurin da take yi wa dodannin kiɗan reno har barci ya kwashe su. Washegarin wasan, Stravinsky ya wayi gari sananne.

Tauraron ayarin shi ne Vaslav Nijinsky, wanda ake cewa in ya yi tsalle kamar ya tsaya a iska. Shi ma ɗan wata uwa ce da ta sha wuya. Mijinta ya tafi ya bar ta da yara uku, babban ya faɗo daga taga yana ƙarami ya samu taɓuwar ƙwaƙwalwa, ta sa sauran biyun a makarantar sarki.

Ranar 29 ga Mayu, 1913, aka nuna The Rite of Spring, kiɗan Stravinsky, tsarin rawar Nijinsky. Kiɗan ya buɗe da wata doguwar algaitar katako mai kaurin murya da aka matsa mata ta yi siririn kuka, sannan goge da yawa suka shiga sara kamar ana daka a turmi, amma bugun yana faɗowa inda kunne bai zata ba. Masu rawar suka juya yatsun ƙafa ciki, suna dirar ƙasa. 'Yan kallo suka rabu biyu, masu ihu da masu cewa a yi shiru, har masu rawa suka daina jin makaɗa. Nijinsky ya hau kujera a gefen dandamali yana ƙwala musu ƙidaya. Yau ana lissafa wannan kiɗa cikin waɗanda suka sauya kiɗan ƙarni na 20, kuma ɗanki zai iya jinsa a tsohon katun ɗin Fantasia na 1940, inda manyan dabbobin dā ke yawo. Sai dai ki sani, asalin labarinsa na maguzancin tsohuwar Rasha ne, inda ake zaɓar budurwa ta yi rawa har ta mutu a matsayin hadaya. Ba na ƙananan yara ba ne.

Nijinsky bai daɗe ba. A 1919 ciwon taɓin hankali ya raba shi da dandamali yana ɗan shekara kusan 30, ya rayu a haka har 1950. Ƙanwarsa Bronislava ce ta ci gaba. A 1923 ta tsara Les Noces a kan kiɗan Stravinsky, wasan bikin aure na ƙauyen Rasha. Yana buɗewa da ƙawaye suna gyara wa amarya kitso tana kuka, can kuma uwar ango da uwar amarya su haɗu suna kukan rabuwa da 'ya'yansu. Da na fara kallonsa, ranar kai amarya ce ta faɗo mini a rai, lokacin da motoci suka tashi, gida ya yi tsit, uwa ta koma ɗaki ita kaɗai.

To, me za ki ce wa 'yarki?

Kowane gida da tsarinsa, kuma ke da maigida kuka san inda kuka ja layi. Ga abin da zan ba ki ki ɗora a sikeli.

Sauraro da kallo daban, shiga sana'a daban. Yawancin kiɗan nan ba shi da kalmomi, saboda haka babu batsar da za ta shiga bakin yaro. Ki gwada wannan wasa: ki kunna farkon Sleeping Beauty, ki kife wayar, ki tambayi yara wa ya shigo, mugu ko na kirki, kuma me ya sa suka ce haka. Yaron da ya saba zama minti biyar yana sauraro ya kuma faɗi abin da ya ji, ya koyi abin da zai amfane shi a aji.

Ki fara kallon bidiyo ke kaɗai kafin ki miƙa musu. Tufafin masu rawar matsattsu ne, siket ɗin gajere, kuma a yawancin wasannin namiji yana riƙe mace ya ɗaga ta. Idan hakan bai dace da tarbiyyar gidanki ba, sautin kaɗai ya wadatar, ki ba su labarin da bakinki kamar tatsuniya.

Idan kin amince ta shiga aji a makaranta, ki je da ƙafarki ki gani. Wace ce malamar, a ina ta koya, ƙofar ajin a buɗe take ga iyaye, kuma za a bar 'yarki ta sa tufafin da ke rufe jiki? Ki duba daɓen ma, don tsalle a kan siminti ko tayil yana cin gwiwa da idon sawu.

Batun tsayawa a kan yatsu kuwa, kada ki yi wasa da shi. Ƙwararrun malamai ba sa barin yarinya ta sa takalmin nan mai tauri sai ta kai shekara 11 zuwa 12, bayan shekaru tana horo, domin ƙasusuwan ƙafarta ba su gama ƙwari ba. Ɗage dugadugai a falo ba komai, amma in kin ga tana ƙoƙarin ɗora nauyinta a kan tsinin yatsu, ki dakatar da ita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ɗanyen ne kuma ya fi saurin ɓallewa.

Ki sa ido a kan kwanon abincinta. An san wannan sana'a da matsa wa 'yan mata su rame, kuma ciwon ƙin cin abinci ya fi yawa a cikinsu. Ranar da 'yar shekara 9 ta ture tuwo ta ce tana tsoron ƙiba, maganar ta wuce rawa.

Abu na ƙarshe ya fi sauran nauyi a wajena. Mahaifiyar Tchaikovsky ta zaɓa wa ɗanta hanyar da ta ga akwai abinci, ba ta rayu ta ji kiɗansa ba. Mai wankin nan ta saurari 'yarta, ta samu tauraruwa, amma ta miƙa ta ga makarantar kwana tana da shekara 10, daga baya kuma tafiye-tafiye suka raba su. Babu wadda za a ce ta ci riba ba hasara. Yawancin yaran da ke juyi a falo ba 'yan rawa za su zama ba, wata uku ma sun manta. Abin da ba sa mantawa shi ne yadda uwa ta amsa. Ko amsarki a'a ce, ki zauna ki tambaye ta me ya burge ta: kiɗan ne, rigar ce, ko labarin gimbiyar? Wata za ki tarar ɗinki take so, wata zane, wata kuma so take kawai ki ajiye ludayi ki kalle ta na minti biyu.

A daren yau, in an yi sallar isha'i an shimfiɗa, ki nemo kiɗan renon da ke cikin Firebird, ki rage sauti, ki ba su labarin dodon da ya ɓoye ransa a cikin ƙwai. Ki dawo nan ƙasa ki faɗa mana wa ya riga yin barci, ke ko su. Masu 'ya'ya a makarantun da ake koyar da wannan rawa kuma, muna son jin yadda kuka yi da batun tufafi, don wasu iyayen su ƙaru.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida yara.